Ranar da Na Zama Kunnen Baba

Har in koma ga Allah ba zan manta da wata Asabar a Doha ba, ranar da aka ɗaure wata tsohuwar mota da igiyoyi aka tayar da ita, ni kuma ina tsaye a gefe. Sai dai labarin ba a gareji ya fara ba. A filin jirgi ya fara, ranar da ni da Mama muka sauka daga Kano don mu zauna tare da Baba.

Abin da na fara lura da shi ba fitilu ba ne, ba kuma sanyin da ya sa Mama ta ƙara jan mayafi ba. Wuyan Baba ne. Na rusuna na ce, "Baba, ina wuni?" Yana kallona yana murmushi, amma bai amsa ba. Sai na ga ya karkata kai, ya miƙo min kunnensa na dama, ya ce, "Na'am, Uwata? Me kika ce?" Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa yake kirana haka. Na maimaita, ya amsa, ya ɗauki akwatinmu muka wuce. Na ajiye abin a raina.

A lokacin ina ƙaramar sakandare, kuma kunya gare ni ta fitar hankali. Idan baƙi suka zo, bayan labule nake shigewa. Muryata siririya ce, har ƙawayena na Kano suna ce min sauro. Tun da ba na iya magana, sai kallo ya zama aikina.

A ɗan gidan da muka kama a unguwar Mu'aizar na ci gaba da kallon Baba. Idan maza suna hira yana jin su sarai, har ya yi dariya a inda ya dace. Amma butar shayi za ta yi ta fito a kan wuta bai motsa ba. Ƙararrawar ƙofa za ta kaɗa yana zaune kusa da ita, sai Mama ta taso daga kicin ta buɗe. Wata 'yar kyanwa ta maƙale a bayan injin sanyaya ɗaki tana ta kuka, Baba ya wuce ta wurin ya dawo bai san da ita ba. Rannan na tsaya a bayansa yana cin abinci, na buga cokali a jikin kofin tangaran ta wajen kunnensa na hagu. Bai waiwayo ba. Na sake bugawa da ƙarfi. Ya kai loma baki.

Na sami Mama tana tuƙa tuwo na ce, "Mama, Baba ba ya jin ƙarar cokali."

Ta tsayar da muciya, ta leƙa falo, ta jawo ƙofa. "Wa ya aike ki?"

"Babu kowa."

"To ki saurara. Kin san da me babanki yake ci da mu a ƙasar nan? Da kunnen nan nasa. Takardar zamanmu, makarantarki, ɗakin nan da kike kwana, duk a jikin aikinsa suke rataye. Ranar da kafil, ubangidan da ya tsaya masa ya zauna a ƙasar nan, ya ji labari, ranar za mu fara ɗaure kaya. Na yi masa maganar asibiti har na gaji. Ya ce takardar asibitin ta hannun gareji take bi, sai ya gama motar da ke gabansa tukuna. Ki kama bakinki, kin ji ko?"

Na ce na ji. Daga ranar, ko wayar Baba ce ta yi ƙara sai in zaci kafil ne.

Da aka ba mu dogon hutu, Baba da kansa ya ce, "Uwata ta riƙa raka ni gareji ranar Asabar, zaman ɗakin nan ya yi mata yawa." Mama ta daɗe tana kallonsa kafin ta ce to. Ban gane kallon ba sai daga baya.

Garejin yana Sana'iyya, unguwar da babu komai sai garejoji da rumbunan kaya da manyan motoci. Baba ne shugaban makanikai. Babban abokin aikinsa wani dattijo ne ɗan Zangon Kumasi, gajere mai faɗin ƙirji, wanda Baba ya ce in riƙa ce wa Kawu. Hausarsa ta riƙa ba ni dariya, don ni ma "ka" yake ce min.

"Masta, wannan ne yarinyan?" in ji shi. "Kai, ka zo ka gaishe ni mana. Ni ba na cin mutum kafin azahar."

Na gaishe shi kaina a ƙasa. A bayansa na hango motar.

Doguwa ce, mai faɗi, a kwance kamar kada, ja kamar manja. Ƙirar Amurka ce ta tun kafin a haifi Baba. An yanke tsakiyar murfin injinta an bar rami mai kusurwa huɗu. Motar kafil ce, mai garejin. Mahaifinsa ya saye ta sabuwa, a cikinta ake kai shi bakin teku a Wakra yana yaro, kuma injin da ta zo da shi ne har yau a jikinta, mai silinda takwas. Tsohon ya rasu ya bar masa. Yanzu so yake a ƙara mata ƙarfi, ta tsere wa motocin abokansa idan sun fita lokacin sanyi.

Baba ya ɗora ni a kan wani kwali don in ga cikin injin. Ya ce, "Kin tuna zugazugin Kaka?"

Na tuna. Kakana maƙeri ne, na sha zama ina kallon gawayi yana yin ja idan ana zuga shi.

"To inji ma wuta ce a cikinsa. Shi da kansa yake shaƙar iska, iya abin da ƙirjinsa zai ɗauka. Wannan kuwa," ya dafa wani akwatin alminiyam da aka ɗora a saman injin, "zugazugi ne. Sufacaja ake ce masa. Injin zai juya shi da bel, shi kuma ya riƙa ɗura wa injin iska da ƙarfin tsiya. Iska ta yi yawa, mai ya yi yawa, wuta ta yi yawa."

Ya juya min shi da hannu. A ciki akwai ƙarafa biyu murɗaɗɗu kamar alkaki, suna shiga juna ba sa taɓa juna. Ba don wannan injin aka ƙera shi ba, saboda haka duk abin da zai haɗa su Baba ne ya yi. Na ga yadda yake yanka kwalin madara ya gwada a jikin injin, ya rage nan ya ƙara can, sai ya zauna daidai sannan a yanka irinsa a ƙarfe. Faranti guda da akwatin ke zama a kai ya ci masa makonni. Akwai ranar da bel ya kuɓuce ya tashi sama ya naɗe fanka, Kawu ya kwanta a ƙasa ya rufe kai da bokiti yana cewa, "Masta, ka bari in aurar da ɗiyata kafin ka kashe ni!"

Kawu ne ya gaya min inda haɗarin yake, muna cin shinkafa a ofis. Ya ce iska idan aka matse ta zafi take yi, iskar Doha kuwa da ma da zafinta take zuwa. Idan zafin ya wuce kima, man ba ya jiran fulogi ya kunna shi, fashewa yake da kansa, ya riƙa dukan kan fistin kamar guduma. Ƙwanƙwasa suke ce wa abin. In aka bari ya ɗan jima, fistin ya huje, inji ya tashi daga aiki.

"Motan zamani yana da kwamfuta, shi yana ji da kansa," in ji shi. "Wannan tsoho babu. Sai kunne. Kuma ƙaran ƙarami ne paa, siriri, yana ɓoye a ƙarƙashin babban ƙara. Duk Sana'iyya babu mai jin shi kamar babanka. Don shi kafil ya ɗauko shi. Wanda yake nan kafin shi, ya fasa injin wani baƙo, sati bai cika ba yana cikin jirgi."

Siriri. Na tuna cokali da kofin tangaran.

Baba yana da abin sauraro da ya haɗa da kansa. Guntun bututun jan ƙarfe ne, ya daddake bakinsa ya ɗaure shi da noti a jikin inji, ya sa masa dogon tiyo, tiyon ya shiga cikin irin marufin kunnen nan da ma'aikata ke sawa. Wata Asabar na tarar ya raba tiyon gida biyu, ya ƙara marufi na biyu.

"Zo mu yi wasa, Uwata," ya ce.

Ya ɗaura bututun a jikin wata tsohuwar a-kori-kura da suke ɗaukar kaya da ita. Ya sa min marufin, ya tayar da ita. Na ji cikin inji kamar na shiga ciki: wani abu na tafiya caka-caka kamar keken ɗinki, wani na gurnani a ƙasa. Ya ce wannan duk lafiya ce, in riƙe su. Sannan ya murɗa wani abu da gangan, Kawu ya sa giya ya danne birki ya taka totur. Sai ga wata sabuwar ƙara a sama da sauran, kamar an zuba ƙananan tsakuwa a gwangwanin madara ana girgizawa.

"Kin ji?" in ji Baba.

Na ɗaga kai zan amsa, sai na ga abin da ya sa jikina ya yi sanyi. Marufin na kunnensa, amma ba saurare yake ba. Fuskata yake kallo. A fuskata yake neman ko ƙarar ta zo.

Na gyaɗa kai. Ya ce, "Yawwa. Duk ranar da kika ji wannan, ba sai kin yi magana ba. Rigata kawai za ki ja."

Muka yi ta wasan duk Asabar. Yanzu da na girma nake tunanin irin nauyin da ya ji kafin ya raba tiyon nan biyu. Mutumin da ake zuwa daga wasu garejoji a roƙe shi ya saurari inji, shi ne ya koma aron kunnen 'yarsa, kuma bai iya furtawa ba.

Baba ya so a jira sanyi ya shigo kafin a gwada motar da dukan ƙarfinta. Kafil ya ƙi. Ya kuma nace a sa ƙaramin fuli, wato ƙaramar tayar da bel ke bi, don akwatin ya fi saurin juyawa ya fi ɗura iska. Baba ya ce babban ya fi aminci. Kafil ya ce ai shi ya sa yake da kunnen Mu'allim, idan da matsala zai ji. Mu'allim yake kiran Baba.

Ranar gwajin ban iya karya kumallo ba. Mama ta ɗaura min ɗankwali da kanta, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta tofa min addu'a a ka.

Bayan la'asar aka fara. Zafi ne irin wanda mutum yana tsaye gumi ke bin bayansa har dunduniya. An hau da motar kan daino, wasu manyan gangunan ƙarfe da aka binne a daɓe, tayoyin baya su riƙa gudu a kansu mota tana wuri ɗaya. An ɗaure ta gaba da baya. Akwatin alminiyam ya leƙo ta ramin murfin yana ƙyalli. Kafil ya iso da abokansa cikin fararen riguna, ƙamshin turarensu ya danne warin fetur. Dogo ne mai furfura a gemu. Na lura kafin ya gaisa da kowa sai da ya shafa ƙofar motar da tafin hannu, kamar mai shafa kan yaro.

Kawu ya shiga mazaunin direba. Tsarinsu shi ne idonsa na kan hannun Baba: muddin hannun na sama yana juyawa, ya ci gaba da takawa, da ya sauka, ya ɗage ƙafa. Baba ya sa marufinsa, sannan kamar abin wasa ya miƙo min na biyun. Ya ce wa kafil da Larabci, 'yata tana son jin kukan inji. Suka yi dariya. Kafil ya ce, "Masha Allah, ƙaramar injiniya. Yalla, a tayar."

Da aka tayar da ita sai da ƙurar rufi ta zubo. Gurnanin ya shiga ƙirjina ya zauna. A samansa kuma ga kukan sufacajan, wani dogon fito mai hawa sama yana ƙara siranta. Ban taɓa jin sa da ƙarfi haka ba, kuma nan take tsoro ya kama ni: a-kori-kurar da na koya a kanta ba ta da wannan fiton. Ta yaya zan ji tsakuwa a cikin wannan hayaniyar?

Zagayen farko rabin totur aka yi. Na ji keken ɗinkin, na ji gurnanin, babu tsakuwa. Baba ya saci kallona, na sunkuyar da kai. Abokan kafil suka tafa.

Zagaye na biyu Kawu ya taka har ƙasa. Motar ta zabura, igiyoyin suka miƙe, tayoyin suka zama inuwa. Na rufe ido. Fiton ya yi ta hawa. Can ƙasa da shi, nesa, na ji wani abu. Ƙwas. Shiru. Ƙwas-ƙwas.

Ita ce? Ko noti ne ya saki? Ko haƙorana ne ke haɗuwa? Na buɗe ido. Hannun Baba na sama yana juyawa, fuskarsa a natse, irin ta mutumin da ba ya jin komai sai alheri. Idan na ja rigarsa alhali babu komai, na kunyata shi a gaban manyan mutane. Idan na ƙyale kuma ita ce, injin mahaifin kafil zai mutu a hannunsa.

Sai gwangwanin ya cika da tsakuwa.

Ban san lokacin da na cafko aljihun rigar aikinsa ba. Na ja har sai da ɗinkin ya ɓarke, sifana ta faɗo ƙasa. Hannun Baba ya sauka. Kawu ya ɗage ƙafa, ya kashe. Gangunan suka yi ta juyawa su kaɗai har suka tsaya.

Lokacin na fara tsintar Larabci a makaranta, abin da ya kuɓuce min Kawu ya cike min daga baya. Kafil ya ce, "Me ya faru? Yanzu fa ta fara buɗe murya."

Baba ya ce, "Ta ƙwanƙwasa, ɗal umrak." Haka suke cewa a wurin ranka ya daɗe.

"Ni ban ji komai ba."

Sai ɗaya daga cikin abokan ya nuna ni da carbinsa yana dariya. Ya ce shi ya gani da idonsa, yarinyar ce ta tsorata da ƙara ta ja babanta. Suka fashe da dariya. Na so daɓen ya tsage in shige. Kafil ya ce, "Khalas, ya isa, a kai ta ofis ta sha lemo, a sake."

Baba ya durƙusa har fuskarsa ta zo daidai da tawa, ya juyo min da kunnen dama. Da Hausa ya ce, "Uwata, kin tabbata?"

Duk idanun nan suna kaina. Na san idan na yi 'yar muryar da na saba ba zai ji ba, sai ya ce in maimaita a gabansu. Saboda haka na ɗaga murya, irin ɗagawar da ban taɓa yi a gaban namiji ba. "Na ji, Baba. Daga ƙarshe. Da farko ɗai-ɗai, sannan da yawa."

Ya miƙe ya ce wa kafil ba za a sake tayar da ita da wannan fulin ba.

Dariyar ta ɗauke. Kafil ya kalli Baba, ya kalle ni, ya kalli tiyon da ya rabu biyu a ƙasa. Ba wawa ba ne. Ya matso ya yi magana a hankali. "Mu'allim, kai ka ji, ko ita ta ji? Ka ce wallahi kai ka ji, in yarda."

Mutanen can ba sa rabuwa da wallahi a baki, ko farashin tumatir ake yi sai an ce. Baba kuwa ban taɓa jin ya rantse a kan abin banza ba. Ga shi bai daɗe da sallame la'asar ba, gemunsa ma bai gama bushewa ba. Kawu ya fito daga mota yana ta surutu, wai shi ma kamar ya ji wani abu a ƙafarsa, wai a bari a duba tukuna. Baba ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi.

"Ita ta ji," in ji Baba. "Ni na daɗe ba na jin irin wannan ƙarar."

Abin da Mama ta ce in rufe, ga shi a fili, kuma ni na jawo. Na fara ganin akwatunanmu a ɗaure.

Kafil bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ya ce, "Wato injin mahaifina ka ɗora a kan kunnen yarinya." Baba ya ce dai a bari inji ya huce a ciro fulogai, idan ta ƙwanƙwasa za a ga alama.

Jiran nan shi ne mafi tsawo a rayuwata. Aka kawo shayin karak, ya huce a kofuna. Ni ina tsaye jikin bango ina addu'a, kuma ban san me zan roƙa ba: a ga alama, ko kada a gani? Idan babu, na tona asirin Baba a banza.

Kawu ya fara cirowa yana jerawa a kan farin ƙyalle. Na farko fes. Na biyu fes. Abokin nan mai carbi ya yi tsaki ya duba agogo. Aka gama ɓangare guda na injin babu komai. Hawaye suka fara taruwa a idona. Sai da aka kai na can baya, kusa da gilashi, inda iska ba ta kaiwa sosai, Kawu ya ɗaga shi sama ya daɗe yana kallo. Ya miƙa wa kafil.

Daga inda nake na hango. Farin tangaran ɗin bakin fulogin ya yi ɗigo-ɗigo baƙi kamar an barbaɗa masa masoro, da wasu 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli. Daga baya Kawu ya ce min masu ƙyallin nan naman fistin ne ya fara narkewa. Kafil a cikin irin waɗannan motoci ya tashi, ba sai an fassara masa ba. Ya juya fulogin a yatsunsa, ya naɗe shi a hankicinsa, ya sa a aljihu. Ya tsaya a gabana ya ce, "Allah ya tsare ki, 'yata." Sannan ya dubi Baba ya ce, "Za mu yi magana." Suka fita.

Kawu ya zauna a kan taya ya share gumi. Ya ce, "Masta, ka ɗauka ban sani ba? Tun bara ina tsayawa a damanka kamar ladan da liman. Ka ɗauka sonka nake yi?" Baba ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba.

Bari in faɗi yadda ta ƙare, don kada in bar mai karatu da irin zullumin da muka kwana da shi kusan mako guda. Kafil bai kori Baba ba, amma bai kuma sake barinsa ya yi gwaji da kunne ba. Ya sayo na'urar da ke sauraron inji da lantarki, ya ɗauko wani saurayi mai karanta ta. Baba ya sa babban fuli, ya haɗa wa iskar abin sanyaya ta da ruwa, ya ja lokacin tartsatsin fulogi baya kaɗan, motar ta fita da sanyi ta dawo lafiya. An daina zuwa daga wasu garejoji neman Mu'allim ya saurari inji, kuma na san abin ya ci masa rai, ko da yake bai taɓa faɗa ba. Likita ya ce abin da ya tafi na kunnen hagu ya tafi, na dama ne za a yi ƙoƙarin tsarewa.

Abin da na koya shi ne, a gidanmu mu uku kowa ya san abu ɗaya, kowa kuma ya yi shiru don yana son ɗan'uwansa, shirun kuma yana cin kunnen Baba kullum. Da ina ɗauka kunya ita ce dukan ladabi. Ranar na gane akwai lokacin da babba yake jiran ƙaramin ya buɗe baki, don shi ba zai iya ba.

Amma a yammacin nan ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Mun kama hanyar Mu'aizar rana na faɗuwa, aljihun Baba yana reto a yage. Bai kunna rediyo ba. Ina zaune a damansa, wajen kunnen da ke ji. Na yi ta haɗa maganar a raina ina warwarewa, har muka tsaya a wata danja.

"Baba."

"Na'am, Uwata."

Ban sunkuyar da kai ba. Na juyo sosai yadda zai ga bakina, na ɗaga murya kamar ɗazu.

"Duk Asabar ɗin da kake so zan raka ka gareji. Amma don Allah gobe kai ka bar ni in raka ka asibiti. Ina so idan na gaishe ka ka ji tun a karon farko."